Agogon Kawu a Tafin Hannuna

Kowa a danginmu ya san zafin zuciyar Baba. In ransa ya ɓaci, wata jijiya ce ke tashi a goshinsa, kafin ka ankara ya yi jifa da abin da ke hannunsa. Ya rasu ina goye, amma jijiyar ta biyo ni har gidan Kawu mai gyaran agogo, inda na tashi.

Kawu bai taɓa yi mini tsawa ba. In na fara huci a shago, sai ya ɗora mini buɗaɗɗen agogo a tafin hannu, ya ce, "Riƙe mini, 'yar Kawu, kada kusoshin su zube." Haka zan tsaya cak har zuciyata ta kwanta.

Jiya, da furfurata, jikata ta taka mini tabarau. Na ji jijiyar ta tashi. Yarinyar ta ja da baya tana kallon goshina.

Sai na ga tafin hannuna a shimfiɗe, babu komai a kai. Kawu ya daɗe da rasuwa, amma har yau ban yar masa da agogo ba.