Sunan Barau a Waƙa

Hashim na cikin gyara baiti na uku sai babur ya tsaya a ƙofar shagon. Shago dai sunansa shago, amma Hashim sitidiyo yake ce masa: ordinata guda, wato kwamfuta, makirfo, da kwalayen ƙwai manne a bango. A nan ya haɗa waƙar da ta cika Magarya, wadda yake rera ta da bakin dilan ƙwaya, yana taƙama yana cika baki. Baiti biyu kawai ya saki tukuna.

Mai babur ya shigo, ƙato, shadda tana ƙara, turare kamar an zubar da kwalba.

"Kai ne mawaƙin? Ni ne Barau na Mallawa."

"Sannu da zuwa, maigida. Ga kujera."

Barau bai zauna ba. "Waƙar nan taka, wallahi kamar ka bi ni da kyamara. Ƙwaya a cikin tayar babur, jandarma na gaba ina baya, duk ni ne! Abu ɗaya ka rage, ba ka kama suna ba. Makaɗin kirki yana ambaton ubangidansa. Ka sa ni, rago na nan zuwa."

Ji mutum fa. Shi a ganinsa kirari aka yi masa.

Hashim ya yi murmushi. Damina biyu ke nan da wansa Ari ya faɗi a gonar gero a Dogo-Dogo, yana kumfa, hauya a hannu, bai sake tashi ba. Tramol yake sha don ya yi ƙwadagon gona biyu a yini. Har yau ba wanda ya yarda ya gaya wa Hashim daga hannun wa take fitowa, kuma abin da yake nema ke nan.

"Maigida, kasuwar taka har ina ta kai? Kada in yi ƙarya a waƙa."

"Daga Mallawa har Dogo-Dogo. Duk ɗan ƙwadagon da ka ga bai gaji ba, ni na tsayar da shi. Shekara biyar ba ni da abokin gasa."

"To zauna ka ji sauran. Akwai baitin da bai fita ba."

Ya kunna. Kiɗan bai canza ba, amma taƙamar ta ƙare. Muryar Hashim ce tana lissafa yadda aka ɗauko Ari a amalanke, yadda innarsu Ƙande ta share masa baki da gefen mayafinta, yadda geron ya nuna ba mai girbe shi.

Barau ya saurara har ƙarshe, yana kaɗa makullin babur.

"Wannan ɓangaren ya yi sanyi, ƙanena, ba a rawa da shi. Wai wane Ari ne ma?"

"Wana ne. Dogo, mai wushirya. Kullum Talata yana kasuwarku."

Barau ya ɗaga kai yana tunani, tsakani da Allah yake ƙoƙarin tunawa. Can ya girgiza kai.

"Suna da yawa, ka sani."

Da zaginsa ya yi, da ya fi wa Hashim sauƙi. Ya san sarai abin da zai biyo baya in waƙar ta fita: yaran Barau sun san shagon, sun san hanyar gidansu. Bai ji tsoro ba ko kaɗan. Ya jawo makirfo, ya mayar da kiɗan daidai ƙarshen baitin Ari, ya danna jan maɓallin ɗaukar murya.

"Riƙe ragonka, maigida, kyauta zan sa ka. Barau kawai, ko har da sunan mahaifi?"