Sulallan Herr Kollatz

"Buga min shi, Traute," in ji maƙwabcinmu Herr Kollatz, ya miƙo min sulen. "Kunnena ya mutu ya bar ni, sai dai in ara naki."

Tun da aka sallamo shi daga asibiti aka kafa masa gado a falo, kusa da taga. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ba mata ba ɗa, sai sulallan zinariya na zamanin Kaisar, sarkin Jamus na dā, da ya ƙare rayuwarsa yana tarawa a wani akwati mai shimfiɗar ƙyalle ja. Shi ya koya min gwajinsu: ka ɗora sule a kan ɗan yatsa, ka taɓa gefensa da wani. Na gaske amonsa yakan daɗe yana yawo a ɗaki.

Na ɗora, na taɓa. Sai wata 'yar ƙara, kwas, kamar murfin kwalba ya faɗi. Na ɗauki wani, na sake. Duk kanwar ja ce.

"Yana waƙa?" ya tambaya.

"Kamar kullum," na ce da ƙarfi, har da murmushi.

Amma kurma fuska yake karantawa. Ya karɓi sulen, ya auna shi a tafin hannu.

"Wa ke da makullin gidan nan?"

Ya san amsa. A layinmu kowa na ajiye makulli ɗaya wurin maƙwabcin da ya yarda da shi, nasa kuwa yana rataye a ƙusa a madafarmu. Da yana asibiti, mijina Reinhold ne ke shiga ba wa furanni ruwa. Reinhold ɗin da suke buga karta tare kowace Juma'a.

"A dawo min da makullina, Frau Sievers," ya ce.

Frau Sievers, wato matar Sievers, kiran da baƙo zai yi min. Mun shekara goma muna gaisawa a bakin shinge kafin ya yarda mu kira juna da sunan yanka, har da buɗe kwalba ranar. Yanzu ya karɓe abinsa. Wannan ya fi mari zafi.

Na iske Reinhold yana shafa wa burodi man shanu.

"Ina sulallan Kollatz?"

Bai ɗago ba. "Haba, Traute. Mutumin da bai da magaji? Gwamnati ce za ta kwashe. Na saka masa masu kama da su, yana kallo yana jin daɗi. Wa ya rasa wani abu?"

"Ni yake zargi."

"To, ki bar shi. Kwana nawa ya rage masa?"

Na dube shi, na rasa wanda na aura. Ban iya zuwa in ce wa tsoho mijina ne ɓarawon ba, ban kuma iya haɗiye abin ba. Washegari na kai masa miyar dankali da makullin. Ya karɓi makullin, ya bar miyar ta huce. Ranar Laraba ma'aikaciyar jinya ta same shi ya cika, akwatin a kan ƙirjinsa.

A wurin shan kofi bayan jana'iza, Reinhold ne ya miƙe ya ce ya yi rashin amini. Har ya share ido, munafuki.

Da muka dawo na shiga madafa don ɗora ruwa. Ƙusar tana nan, ga shatin makullin a jikin fenti.