Ganyen Roba a Bishiyar Mai Kamfani

Shekara goma sha huɗu ina aikin lambu a kamfanin nan, kuma bishiyoyi goma sha biyun da ke jere a bakin ofis duk a hannuna suka girma. Ta farkon ake kira ta Mai Kamfani, don shi ya riƙe shebur ranar da aka dasa ta, aka ɗauke shi hoto. Ramin dai ni na haƙa.

Irin masu kaɗe ganyen nan ne. Duk shekara idan ruwa ya ɗauke sai su zubar da shi tas, su yi wata biyu tsirara, sannan su sake toho. Ko akuya ta san da haka. Sabon manajanmu ne kawai bai sani ba, mutumin da ko barkono bai taɓa shukawa a gwangwani ba.

Ranar Alhamis ya sa aka kira ni.

"Baba mai lambu, ka kashe bishiyar Mai Kamfani."

"Ranka ya daɗe, ba mutuwa ta yi ba. Kaɗe ganye take yi, hutunta ke nan."

"Wa ya ba ta hutu? Litinin Mai Kamfani zai zo. Ko ya tarar da ganye, ko ya tarar da sabon mai lambu."

Na karyo ɗan reshe na nuna masa cikinsa ɗanye shar, ko kallo bai yi ba. Ni kuwa 'ya'yana biyar, kuma bakinsu ba ya zuwa hutu.

Sai na shiga kasuwa wajen masu furen ado, na sayo ganyen roba buhu biyu da siririyar waya. Asabar da Lahadi a kan tsani na yi su, ina ɗaura wa bishiyar ganyen ɗaya bayan ɗaya. Matata ce ta riƙe mini tsanin, tana dariya har da hawaye.

"Maigida, da girmanka ka koma yi wa itace kitso?"

Litinin Mai Kamfani ya sauko daga mota, ya tsaya a gindinta, ya ɗaga kai. Da ya miƙa hannu da asiri ya tonu. Amma ina, manya ba sa taɓa ganye.

"Kun gani?" in ji shi. "Abin da na dasa da hannuna ba ya lalaci."

Aka yi ta tafi, manaja ya fi kowa. Har hannu Mai Kamfani ya ba ni, ya ce in ci gaba da ƙoƙari. Sannan ya juya ya dubi sauran goma sha ɗayan.

"Waɗannan matattun fa? A sare su yau, suna ɓata mata kyau."

Na buɗe baki, manaja ya kafe ni da ido. Na haɗiye maganata, na tafi ɗauko gatari, ina jin haushin kaina fiye da nasu.

Ta ƙarshen layin har toho ya fara leƙo mata, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Da ita na fara, don kada wani ya gani.