Maniyyin Royce

Ni Orval Teskey, ban yi boko ba, da kyar nake haɗa baƙi, amma duk yankinmu na Nebraska babu mai idona a kan bijimi. Ƙanƙara ta taɓa binne ni da dokina, dokin ya mutu, ni na fito. Ciwon daji ya ci huhuna ɗaya, ga ni nan ina shan tabata.

Babban ɗana Royce, wanda zai gaji garken, ya daɗe da matarsa Corinne babu haihuwa. Likitoci suka duba maniyyinsa da idonsu, suka ce fayau yake, ba su ga ƙwayar haihuwa ba. Sai aka tura su wani asibiti a Omaha, inda na'ura ke lalube maniyyi, ta zaƙulo ƙwaya mai rai ko da guda ce, a cusa a ƙwan mace. An gaya musu in ita ma ta rasa, shi ke nan.

A wurinmu kuwa, kafin a saki bijimai cikin shanu, likitan dabbobi yakan gwada maniyyin kowanne. Wanda ya faɗi, sai mahauta. A kawo ɗan'uwansa, jini ɗaya ne, garke ya ci gaba. Haka na tashi na gani, haka na yi ta yi.

Ranar da muke yi wa maruƙa lamba da wuta, maƙwabta sun taru, Corinne na raba nama da wake, wani ya tsokani Royce wai ya ji inji ne zai yi masa aikinsa. Aka yi dariya, shi ma ya yaƙe. Ni dai taimako na nufa. Na ce a bar wahalar injin nan, ga ƙaninsa Emmett da 'ya'ya cike da mota, ya ba da nasa, ai duk Teskey ne. Corinne ta ajiye cokali.

Royce ya ce, “Baba, ni kuma sai mahauta ko?”

Na ce ba haka nake nufi ba. Ya ce ya sani, a gabansa nake yin lissafin nan tun yana yaro. Ya jingine ƙarfen lambar, ya wanke hannu a kwamin shanu, suka shiga mota.

Da suka je Omaha, na'urar ta yini tana nema, ta samo ƙwaya biyu. Ɗaya ta kama, Corinne ta sami ciki. Ba daga bakinsa na ji ba, Emmett ne ya gaya mini, yana kallon takalminsa. Royce ya aiko a sayar da shanunsa, ya kama aikin tuƙa babbar mota can Omaha. Na kira waya, Corinne ta ɗauka, ta ce lafiya lau suke, Baba, Royce yana hanya. Kullum yana hanya.

Mace aka haifa. An ce ta fara tafiya, an ce haɓata gare ta. Ban gan ta ba.