Kifi Biyu a Gaban Abu Wisam

Akwai mutanen da ba su taɓa dafa ko ƙwai ba, amma su ne masu yanke hukunci a kan girkin wasu. Abu Wisam yana cikinsu. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne a Bagadaza, kuma shekara ashirin ke nan duk mai son cin abinci a waje a unguwar Karrada sai ya fara tambayarsa. Ya san inda ake cika wa nama kitse, ya san inda ake ɗumama shinkafar jiya. Loma ɗaya ta ishe shi ya ce wannan kifin kogi ne ko na tafkin kiwo. Gaskiya yana da harshe, ba wanda ya taɓa musun haka. Laifinsa shi ne ya fi son a ji shi a kan ya ci ya gode wa Allah.

Wata huɗu da suka wuce zazzaɓi ya kwantar da shi mako biyu. Ranar da ya fara fita, sai ya nufi gidan kifin Hajji Nuri a bakin kogin Dijla, ya sa aka gasa masa masguf, wato kifin da ake tsagawa ta baya a kafe shi a gefen wuta. Usta Talib ne ya gasa (Usta laƙabin gwanin sana'a ne), mutumin da ya shekara goma sha tara a bakin wutar gidan. Abu Wisam ya kai loma, ya ji kamar jiƙaƙƙiyar auduga yake taunawa. Da la'asar ya zauna a gidan shayi, mutane kewaye da shi, ya ce hannun Talib ya mutu, tsufa ya kama shi.

Sai da ya koma gida ya ci miyar kuɓewar matarsa, ya sha shayi, ya lashi gishiri a tafin hannu, sannan ya gane. Ba hannun Talib ba ne ya mutu. Nasa harshen ne.

Mutumin kirki da gari ya waye zai koma ya ce ya yi kuskure. Abu Wisam bai koma ba. Ya ce wa kansa bari ɗanɗanon ya dawo tukuna, sai ya gyara maganar a hankali ba tare da an san komai ba. Ɗanɗano bai dawo ba. Ita kuwa magana ta yi tafiyarta, har teburan Hajji Nuri suka fara zama babu kowa ranar Juma'a.

Yau ma Juma'a ce, kuma Hajji Nuri ya aiko a kira shi cin rana. Lais, ɗan Hajji, ya kawo sabon mai gashi daga Basra. Za a gasa kifi biyu, ɗaya na Talib ɗaya na baƙon, ba tare da an faɗi na wane ne wanne ba. Wanda Abu Wisam ya zaɓa, mai shi ne zai riƙe wutar gidan.

"Ka ce ba ka da lafiya," in ji matarsa Ummu Wisam, tana miƙa masa rigar da ta goge. "Ba ƙarya ka yi ba ai."

"In ban je ba Lais zai kori mutumin nan yau."

"To je ka faɗa musu gaskiya."

"Ke ba ki san maza ba."

"Na san ɗaya. Jiya na zuba sukari a miya da gangan, ya ce sannu da aiki."

Ya sa takalmi, ya ɗaure igiya.

Bayan an sauko daga masallaci ya isa. An haɗa tebur biyu a ƙarƙashin rumfa, Hajji Nuri a kai da carbinsa, Lais a tsaye da waya a hannu, sai abokan gidan shayi huɗu da suka zo kallo da cin banza. Abu Zainab, tsohon direban bas mai bakin tsiya, shi ya fara hango shi.

"Ga alƙali ya iso. A gyara masa kujera, kada harshen ya gaji kafin a fara shari'a."

"Kai dai an ce kyauta ne, shi ya sa ka yi sallah a sahun baya," in ji Abu Wisam. Aka yi dariya. Ya ji muryarsa ta fita daidai, ya ɗan sami natsuwa.

Natsuwar ba ta daɗe ba. Daga inda yake zaune yana ganin wurin wuta. Itacen lemo yana ci, kifaye biyu a kafe a jikin turaku, cikinsu yana fuskantar harshen wutar. Baƙon yana ta kai da kawo, yana fifita. Talib kuwa yana tsugune, tawul a wuya, idanunsa jajir saboda hayaƙin shekaru, bai ko dubi rumfar ba. Ya kusa sittin. Duk wanda Abu Wisam ya kushe sau biyu, ba gidan kifin da zai ɗauke shi daga nan har unguwar Kazimiyya.

Hayaƙin ya bugo rumfar. Abu Zainab ya lumshe ido ya ce ƙamshin nan kaɗai ya isa a ci gurasa da shi. Abu Wisam ya ja numfashi, ya gyaɗa kai. Ba abin da ya ji sai zafi a hanci.

Aka kawo faranti biyu iri ɗaya, kowanne da gurasa a kai, ga albasa da tumatir da tsamin mangwaro a gefe. Lais ya ɗage gurasar.

"Tafki ɗaya, nauyi ɗaya, Baffa. Ni kaɗai na san na wane ne wanne."

Abu Wisam ya ƙura wa kifayen ido yana neman alama. Ya tuna Talib yakan bar gefen wutsiya ya ɗan ƙone. Duka biyun gefen wutsiyarsu a ƙone yake. Ya yi bismilla, ya gutsiri na dama daga wajen ciki inda kitse yake, ya tauna a hankali kamar yadda ya saba yi a gaban mutane. Auduga. Ya kurɓi ruwa, ya gutsiri na hagu. Auduga mai ɗan laushi.

"Ku ci mana," in ji shi. "Ni kaɗai aka kira?"

Suka sa hannu. Ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ko zai ga farantin da hannu ya fi komawa. Amma kowannensu yana tauna ne yana kallon fuskarsa shi. Mutum huɗu masu lafiyayyen harshe, ba wanda ya yarda ya ji daɗin abin da ke bakinsa sai an ba shi izini. Shi ya koya musu haka.

"Abu Zainab, kai me ka gani?"

"Ni? Ni tayar mota ma in an sa mata tsami zan cinye. Kai muke jira."

Hajji Nuri ya ajiye carbi. "Abu Wisam, kifi yana hucewa. Ba na son zaluntar kowa, shi ya sa na kira ka. Wanne ne?"

Hanya tana nan a buɗe, kuma ya gan ta sarai. Ya nuna ɗaya kawai. In ya dace da na Talib, sai ya ce hannun Usta ya dawo, kowa ya tashi da mutuncinsa. In bai dace ba, ba wanda zai taɓa sani. Har ya ɗaga yatsa wajen farantin hagu. Sai ya ga Talib ya taso daga bakin wuta ya tsaya a bakin rumfa, yana goge hannu da tawul, yana jira a yi caca da abincin gidansa.

Ya sauke yatsan.

"Hajji, ban san wanne ba ne."

"Sun yi kunnen doki ke nan?" in ji Lais.

"A'a. Ba na jin ɗanɗanon komai. Tun zazzaɓin nan. Gishiri da sukari duk ɗaya ne a bakina." Ya dubi Talib. "Ranar da na ce hannun Usta ya mutu, ban san nawa harshen ne ya tafi ba. Da na sani kuma, sai na yi shiru."

Abu Zainab, wanda ba a taɓa rufe masa baki ba, ya mai da lomarsa cikin faranti.

"Wata huɗu," in ji Hajji Nuri. "Kana wucewa ta ƙofar nan kana ganin teburana."

"Ina gani."

"Makon jiya ka ce mana gidan tsiren kabab na bakin gada ya gyaru," in ji Abu Zainab a hankali. "Har na kai surukaina."

"Ban san ko ya gyaru ba."

Lais ya ce wannan duk bai canza komai ba, mutane sun riga sun gudu, sabuwar fuska a bakin wuta ita ce za ta dawo da su. Uban ya ɗaga masa hannu. Ya jawo farantin dama ya ci, ya jawo na hagu ya ci, ya daɗe yana tauna. Sannan ya ce shi bai ji wani aibu a ko ɗaya ba, kuma ba zai kori mutum a kan maganar da mai ita ya janye ba. Talib zai riƙe wuta har ƙarshen wata mai zuwa. In teburan sun cika, shi ke nan. In ba su cika ba, Lais zai yi yadda ya ga dama.

Abu Wisam ya miƙe ya nufi Talib. "Usta, ka yafe mini. Zan faɗa wa kowa. Duk wanda ya ji ta farko zai ji ta biyu."

Talib ya dube shi, bai miƙa hannu ba.

"Da ka ce kifina ya lalace, sun yarda, don kai ne mai harshe. Yanzu za ka ce musu ba ka da harshe, amma su zo, kifin yana da daɗi." Ya saɓa tawul ɗinsa. "Je ka gwada, Abu Wisam. Ni ina da wuta a kunne."

Ya koma ya tsuguna, ya shiga tura garwashi da sanda. Abu Wisam ya tsaya a tsakanin rumfa da wuta yana lissafin mutanen da zai bi gida gida, da abin da zai ce wa kowannensu, da Juma'o'i shida da suka rage.