Tambayar da Ban Fassara Ba

Kwanon kunun ya sami Zuliha a goshi kafin in gama sallama. Jini ya ɓalle. Mijinta Barau, maƙwabcina, da ya yi jifan, bai ko dube ta ba. Ya damƙi hannunsa na dama da ya mutu yana maka shi a ƙarfen gado.

"Tashi, ɗan banza! Tashi!"

Na riƙe shi, ya gantsara min cizo a kafaɗa. Mutumin da a da yake kayar da bijimin sa shi kaɗai a mayankar Agege, ga shi shanyewar ɓarin jiki ta mayar da shi sai an juya.

Washegari muka kai shi asibiti. Ni ne tafinta, don a Legas aka haife ni, su kuwa ba Turanci ba Yarabanci. Nas ɗin ta zaro wata takarda, ta ce duk mai wannan ciwo sai sun yi masa tambayoyin nan, saboda ciwon damuwa yakan biyo baya, kuma yana da magani. Barci, cin abinci, duk na fassara. Sai ta zo kan ta ƙarshe.

"Tambaye shi, yakan ji gara ma ya mutu?"

Kunya ta kama ni. Dattijo, Musulmi, sa'an ubana, a gaban iyalinsa? Wallahi bakina ya ƙi.

"Baba, wai yaya ƙarfin jikin?"

Ya daɗe yana kallona. "Alhamdulillahi."

"Ya ce a'a," na gaya mata. Ta ja layi, ta kira na gaba. Har daɗi na ji, wai na rufa masa asiri.

Daga makon ya daina jifa, ya daina zagi. Muka ce sauƙi ne. Bayan kwana goma sha tara ciwon ya sake bugunsa da hantsi, kafin a samo mota ya cika.

Bayan sadakar uku Zuliha ta aika a kira ni in taya ta fitar da katifa. Muna ɗagawa ƙwayoyin hawan jininsa suka zubo, duk waɗanda take ba shi yana yi kamar ya haɗiye.

Ta durƙusa tana tsincewa ɗaya ɗaya.

"Malam, ranar nan me matar ta tambaye shi daga ƙarshe?"

Jirgin ƙasa ya wuce ta bayan gida. Ƙwayoyin na rawa a tafin hannunta, tana jira.