Rabin Waƙar Mma Memuna

Mma Memuna ta yi shekara ashirin tana waƙa a gidajen biki da suna a unguwar Zango, amma ba ta taɓa yin waƙar da ba ta yabon wani ba sai a shekarar zaɓen nan. Issaka ne ya jawo ta. Shi mai fenti ne, yana rubutu a bayan motocin haya da ake kira trotro da allunan shaguna, kuma yana cikin ƙungiyar ci gaban unguwarsu.

Saura wata uku zaɓe ya same ta a tsakar gida tana tsintar wake. Ya tuna mata da telan da aka sara a kafaɗa a bakin rumfar zaɓe shekara huɗu da suka wuce, da yadda aka gano cewa wanda ya sare shi makaranta ɗaya suka yi. Ya ce ƙungiya tana so a yi wani abu tun kafin 'yan siyasa su fara zagaya wuraren ɗaga ƙarfe suna ɗibar ƙarti. Shi zai yi zane a doguwar katangar da ke kallon tashar trotro, ita kuma ta yi waƙa. Huɗuba dai ana yi duk Juma'a, in ji shi, sai dai waɗanda ake yi dominsu ba sa isowa sai an ta da salla.

Kwana huɗu ta yi tana haɗa waƙar. Amshinta gajere ne: "Na san gidanku, na san uwarka, ta yaya zan ɗaga maka hannu?" Ƙanenta Abdul-Rahaman ne ya yi mata kiɗa. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, da safe yana gyaran babur, da yamma yana ɗaga ƙarfe da abokansa, amma ganga tun yana ƙarami take hannunsa. Suka ɗauki waƙar a wani ɗan sitidiyo a wata unguwa, Ayigya Zango. Shi kuwa Issaka ya zana ƙofofin gidaje goma sha huɗu na layinsu, kowace da launinta na gaskiya, kowace da tsohuwa zaune a bakinta. Duk wanda ya tsaya jiran mota sai ya nuna da yatsa ya ce ga gidan su wane.

Ranar da aka buɗe zanen tashar ta cika maƙil. Liman ya yi addu'a, mata suka yi amshi, telan nan ya zauna a gaba yana share ido. Cikin mako biyu waƙar ta shiga wayoyi da trotro, har masu sayar da koko suna rera ta da safe.

Wata Talata da la'asar Mma Memuna tana dawowa daga kasuwa sai babura wajen goma suka shigo layin a hankali, kowane da mutum biyu cikin baƙaƙen riguna. Waƙarta suke yi. Ta tsaya a gefen kwata tana murmushi, tana jira su kai ƙarshen amshin. Ba su kai ba. "Na san gidanku, na san uwarka," sai su yi shiru, su murɗa wutar babur sau biyu, su sake ɗaukowa daga farko. Da suka zo ƙofar Mma Sala mai koko suka rage gudu ƙwarai, suka maimaita sau uku. Kowa a layin ya san ɗan Mma Sala, malamin makaranta, ya yarda zai tsaya wa wata jam'iyya wakili a rumfar zaɓe.

Bayan kwana biyu Issaka ya zo da sassafe ya ce ta zo ta gani. A jikin zanen an ɗiga jan fenti a ƙofofi biyar, ɗigo ɗaya ɗaya, ba a ɓata komai ba. Wanda ya yi ya yi a natse. Ta bi su da ido ta gane kowane gida, ta kuma gane abin da ya haɗa su: duk jam'iyyar da ɗan Mma Sala zai tsaya wa suke bi. Issaka ya ce ashe shi da hannunsa ya zana wa masu baburan jerin gidajen bai sani ba. Bai jira shawarar ƙungiya ba, kafin azahar ya shafe katangar da farin fenti, amma an riga an ɗauki hotonta, yana yawo a wayoyi.

Da yamma ta tafi shagon Abdul-Rahaman. Ta tarar da sababbin babura uku a jere, shi kuma da sabuwar riga baƙa irin ta masu baburan nan. Ta tambaye shi ko yana cikinsu ranar Talata. Ya ci gaba da goge sifana, ya ce aikin gadi ne kawai, rakiyar manya zuwa taro, kuma ba shi ya yanke waƙar ba. Ya ce mutanen suna son kiɗan ne.

"Yaya, ki kwantar da hankalinki," ya ce. "Na gaya musu gidanmu ba ya ciki."

"To gidan Sala fa? Ita ta yi maka wanka ranar sunanka."

Ya koma kan babur ɗin da yake gyarawa. Da ta juya za ta tafi sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, gara ta daina zuwa tashar kwana biyu.

Ta bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa mata magana. Wasu sun ce mazajensu sun hana, wasu sun rufe ƙofa tun kafin ta gama sallama. Goma sha ɗaya suka yarda. Ranar Asabar bayan la'asar suka fito da kujeru suka zauna a ƙofar Mma Sala, kowace da mayafinta. Biyu daga cikinsu 'ya'yansu na cikin masu baburan.

Baburan suka zo kamar yadda suka saba. Da suka rera rabinsu suka yi shiru, sai Mma Memuna ta ɗaga murya ta ƙarasa, matan suka bi ta. Suka kai ƙarshen amshin tare. Aka yi haka sau biyu. A na uku mazan ba su ɗauko ba. Wani dogo ya ga uwarsa a cikin matan, ya sauka daga bayan babur ya shige lungu da ƙafa. Abdul-Rahaman yana can baya, kansa a sunkuye.

Mutum ɗaya ne bai damu ba, wani mai farar riga da tabarau da ke zaune a bayan babur na gaba. Ba ɗan unguwar ba ne. Ya fito da waya ya bi fuskokin matan ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba, sannan ya gaishe su cikin ladabi ya ce a tafi.

Daga ranar ba su sake shigowa layin ba. Zaɓe ya zo ya wuce, ba a taɓa ko ƙofa ɗaya ba, liman ya yi godiya ga Allah a huɗuba, mutane suna ta yi wa Mma Memuna barka. Sai dai ɗan Mma Sala bai tsaya a rumfar ba. Kwana uku kafin zaɓe aka tare shi a unguwar Atonsu yana dawowa daga makaranta, aka karya masa hannun dama, da rana tsaka, kuma ya ce bai gane kowa ba. Abdul-Rahaman ya kwashe iyalinsa ya koma Ayigya Zango ba sallama. Issaka ya koma rubutun trotro, in an yi masa zancen katanga sai ya canza magana.

Wata guda bayan zaɓe mai farar rigar ya yi sallama a tsakar gidan Mma Memuna. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta, ya kira ta Mma. Ya ce maigidansa ɗan siyasa zai yi walimar godiya, kuma ba ya son kowace mawaƙiya sai ita. Ta ce maƙogwaronta yana ciwo tun kwanaki, ko magana da ƙyar take yi. Ya yi mata sannu, ya ce zuma da citta suna taimakawa.

"Ba gaggawa, Mma," ya ce yana sa takalminsa. "Maigida ya ce a ɗaga walimar har sai kin warke. Zan riƙa leƙowa ina duba jikin."

Ya leƙo ranar Alhamis, ya sake leƙowa ranar Litinin da kwalbar zuma.